Shekarar da Na Ɗora wa Sale Laifin Inji

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku haihuwata, na rubuta yadda mahaifinmu ya koya mini riƙon gizago da zarto, har auren mahaifiyarku na rubuta, duk don kada in iso nan. To, yanzu wurin ɓuya ya ƙare, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarun nan kuna jin ana cewa Baba Sale, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ya bar shagonmu na bakin iyaka a Jibiya ya koma Maraɗi ne don hannunsa ya lalace, ya ɓata aikin masallaci, kunya ta kore shi. 'Ya'yansa ma sun ji haka, wasunsu har sun yarda. Ƙarya ce. Kuma ba wani maƙiyi ne ya ƙirƙiro ta ba, daga bakina ta fito. Na gaji da ɗaukarta, jiki ya yi nauyi, kuma ba na so in tafi in bar sunan ɗan'uwana a inda na jefar da shi.

Shagon kun san shi, nan gefen titi kafin a kai shingen kwastan, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran takarda. Fiye da shekara talatin muka yi a cikinsa ni da Sale, aiki a rabe yake ba tare da mun taɓa zama mun raba ba. Ni ne mai zane da sassaƙa, shi ne mai share katako. Kada ku raina wannan. Duk kyan zanen da ke kan kyaure, in katakon ƙarƙashinsa yana da tudu da kwari, aikin banza ne. Sale yakan rufe ido ya shafa katako da tafin hannu, ya ce maka ga tudu nan, ka kawo ma'auni ka tarar haka ne. Direbobin Nijar har odar kyaure suke kawo mana daga Maraɗi da Tasawa, su ce a ba su irin na hannun Sale. Ga shi mutum ne marar magana. Tun muna yara ni na koya masa aiki bayan mahaifinmu ya tsufa, kuma ban taɓa faɗin abu ya musa ba. Kome na ce, amsarsa ɗaya ce: “To, Yaya.” A lokacin ina jin daɗin haka, ina ganin ladabi ne.

Abin da a lokacin ban faɗa wa kowa ba sai mahaifiyarku shi ne, hannun da ya fara lalacewa nawa ne. Da na haura sittin sai na ga in na ɗora ƙarfen sassaƙa a kan layi, bakinsa yana ɗan rawa. Na ɓoye. Nakan jira Sale ya fita salla ko cin abinci kafin in yi wuri mai wuya. Tsoro ya kama ni, irin tsoron mai sana'a da ba shi da wata. A cikin wannan hali ne Ummi, babbar 'yata mai sunan Innarmu, wadda ta yi karatu a Katsina, ta nuna mini wani inji a wayarta. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai fi kamu biyu ba, irin wanda mutanen ƙasashen waje ke sayen shi don nishaɗi a gida. Za ka zana abu a kwamfuta, ka shimfiɗa masa katako, shi kuma kansa ya riƙa gudu a kan wasu sandunan ƙarfe, wani ɗan haƙori yana juyawa yana yanka zanen. Na kalla sau uku. Ban ce mata hannuna na rawa ba, na ce mata zamani ya zo dole a bi shi. Na sayar da 'yar gonata ta Bugaje, wadda dama halin da daji ke ciki ya hana mu nomawa, aka kawo injin daga Kano cikin kwalaye.

Kwana biyu muka yi muna haɗawa, Ummi na karanta takarda, ni da Sale muna ɗaure noti. Da muka zo kan shimfiɗar da ake ɗora aiki a kanta, sai na ga wani katako ne na garin katako da gam, wanda ko kujerar tsakar gida ba zan yi da shi ba. Na ce wannan ba zai zauna a shagona ba. Na ɗauko katakon maɗacin da ke kan teburin aikin mahaifinmu, wanda ya yi shekara hamsin yana aiki a kansa, duk jikinsa tabon gizago da mai, na yanke shi daidai wurin, na ɗaura. Sannan na yi abin da kowane kafinta da magini zai yi. Na ɗauko filam, ma'aunin nan mai ɗan ruwa da ƙwayar iska a ciki, na ɗora a kai. Ƙwayar ta gudu gefe, gefen dama ya fi ƙasa. Na yanyanka gwangwanin madara, na riƙa cusawa ƙarƙashin katakon ta dama, ɗaya, biyu, uku, har ƙwayar ta tsaya tsakiya cak. Na ji daɗi ƙwarai, na kira su su gani.

Ummi ta duba, ta ce, “Baba, a bidiyon da na gani ba haka suke yi ba. Sun ce injin ne ake bari ya share shimfiɗarsa da kansa, ya kankare samanta gaba ɗaya, sannan ta yi daidai da shi.”

Na ce, “Ya kankare me? Katakon kakanki?”

“Kaɗan ne, Baba. Kamar kaurin farce.”

“Ke, rufa mini baki. Tun ba a haifi uwarki ba nake aiki da filam. Ruwa ba ya ƙarya. In kin ga ƙwayar nan a tsakiya, to magana ta ƙare.”

Ta naɗe takardar ta ajiye. Sale kuwa ya ci gaba da tattara kwalaye.

Wata uku muka yi cikin jin daɗi. Ummi ta koya mini yadda zan rubuta suna in zaɓi zane in danna, kafin a kai ta ɗakin mijinta a Katsina. Ƙananan ayyuka muke yi: sunan mai gida da ake kafawa a ƙofa, ɗan allon ado, lambar shago. Duk tsakiyar shimfiɗa nake ɗora su, suna fita tsaf kamar an buga da hatimi. Mutane suka riƙa tsayawa kallo, har ma'aikatan iyaka sukan leƙo in rana ta yi sanyi. Kaina ya kumbura. Ana cewa Malam Ilyasu kafinta ya kawo abin da ko Katsina ba kowa ke da shi ba. Rawar hannuna ta daina damuna, tunda ba wanda zai gani.

Sai aka tashi yi wa masallacin unguwarmu sabon mumbari. Liman da dattawan kwamiti suka ba mu aikin, suka ce suna son a rubuta Bisimilla a dogon katako a goshinsa. Wannan ne aiki na farko da zai cinye shimfiɗar daga wannan baki zuwa wancan. Sale ya kwana biyu yana share katakon, ya shafa, ya ɗaga shi ga haske, ya sake shafawa. Ni kuwa, da yake Allah ya so ya nuna mini iyakata, sai na ce wa Liman su zo su ga yadda injin zai rubuta sunan Allah a gabansu. Ko gwaji ban yi a wani katakon banza ba. Suka zo bayan la'asar, su bakwai ko takwas, da 'yan kallo a bayansu har bakin titi. Aka tayar da janareto, na ɗaure katakon, na danna.

Rubutun Larabci daga dama yake farawa, kun sani. Harafin farko ya fita da zurfi, har ya fi yadda na so, amma da kyau, ana ta kabbara. Da kan injin ya kai tsakiya, daidai. Daga nan sai na ga rubutun yana sirancewa. Haƙorin yana juyawa amma da ƙyar yake taɓa katakon. Kafin ya kai ƙarshen hagu, kalmar ƙarshe ta zama kamar an ja layi da ƙaya, wani harafin ma bai fito ba sam. Injin ya gama abinsa ya koma gefe ya tsaya. Liman ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya dube ni.

“Malam Ilyasu, ai an bar rabin sunan a hanya.”

Wani daga baya ya yi dariya, ya ce dama abin Nasara ina zai iya rubuta Bisimilla. Na ji duk idon Jibiya a kaina, na tuna gonar da na sayar, na tuna bakin da na cika. Ban yi tunani ba, ko kuma in ce na yi, cikin ƙiftawar ido na nemi inda zan sauke kayan. Na juya na ga Sale tsaye a jikin bango.

Na ce, “Inji ba ya kuskure, Liman. Katakon ne ba a share daidai ba. Gefen nan ya fi sirantaka. Hannun Sale ne ya fara lalacewa, na daɗe ina lura, ina rufa masa asiri ne kawai.”

Wallahi haka na faɗa, kalma da kalma. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Duk aka juya ana kallonsa. Wani dattijo ya ce Allah sarki, tsufa ba ya sallama. Sale ya dubi hannuwansa, gaba da baya, sannan ya ce, “To, Yaya. Zan sake wani.”

Ya sake. Kwana uku ya yi a kan na biyun, ba ya ko zuwa cin abinci sai an aiko masa. Muka ɗora, mu biyu kawai wannan karon. Dama zurfi, hagu babu. Ya sake na uku, haka. Yanzu in na tuna abin har dariyar takaici nake yi, don ko mai tallan goro zai ce a juya katakon, a mai da gefen hagu dama a gani. Da mun yi haka da mun gane ba katakon ba ne. Ban yi ba. Ina jin a can ƙasan zuciyata ba na son in sani. Maimakon haka sai na ƙirƙiro masa bayani, na ce yana danne hannu ne in ya zo ƙarshen katako, shi ya sa gefe ɗaya ke cinyewa. Na sake ɗora filam a kan shimfiɗar mahaifinmu a gabansa, ƙwayar tana tsakiya. Na ce ka gani da idonka.

Ya ɗauki katako na ukun, ya ɗora masa dogon ƙarfen awo, ya auna kaurinsa a baki huɗu, ya rufe ido ya shafa. Ya daɗe yana yi. Sannan ya zauna a kan benci, ya ce da wata irin murya da ban san shi da ita ba:

“Yaya, ni daidai nake ganinsa. Hannuna ma daidai yake jin shi. Ke nan ba hannun kaɗai ba ne, har da idon.”

Na ji maganar ta soke ni, amma na yi shiru. Wannan shirun ya fi maganar da na yi gaban Liman muni, domin a nan ba mai kallona, ba kunyar da zan gudar wa.

A gida mahaifiyarku ba ta raga mini ba. Ita kaɗai ta san sirrina. Tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Malam, tsakaninka da Allah, hannun wa ke rawa a gidan nan?”

Na ce ba ruwanta da maganar shago.

“Ba ruwana. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin nan ko kofin shayi ya riƙe ba ya motsi, kai kuwa ni nake sa maka maɓallin riga.”

Na fita na bar mata gidan. Da na dawo ba ta sake tayar da zancen ba, amma ta daina tambayata labarin shago, har yau kuma ba ta koma ba.

Magana ta zaga gari. Masu kawo odar kyaure suka fara tambaya a kaikaice wa zai share katakon. Wani direba ya ce a gaban Sale, cikin tausayi wai, ya ji abin da ya same shi, Allah ya sawwaƙe. Bayan sati uku Sale ya same ni da safe ina buɗe shago. Ya ce yana so ya koma Maraɗi wurin dangin matarsa, ya ga ko zai sami wani abin yi, kada ya zauna yana ɓata mini suna. Ku ji fa, kada ya ɓata mini suna. Da na ce masa zauna, da ya zauna, don bai taɓa ƙin maganata ba. Sai na ce, “To, in ka ga haka ya fi.” Na raka su tasha shi da iyalinsa, na tsaya har motar ta wuce shingen kwastan. Na ji baƙin ciki, amma ba zan ɓoye muku ba, na ji wani sauƙi-sauƙi ma.

Mumbarin na gama shi da dabara. Na sayo katakon da aka share da injin masu katako a Katsina, na raba rubutun gida uku, kowane yanki na ɗora shi a tsakiyar shimfiɗa, sannan na haɗa. Ya fita lafiya, aka yi ta sa albarka, aka ce ka ga da aka canza mai share katako. Na karɓi yabon. Amma daga ranar ban sake yarda na karɓi dogon aiki ba, kome aka kawo sai in sami dalilin yanka shi gunduwa-gunduwa. Ban tambayi kaina me ya sa ba.

Ana nan sai aka rufe iyaka. Kun ga lokacin da idonku, ba sai na ba ku labari ba. Motoci suka jeru tun daga shinge har inda ido ya ƙare, albasa na ruɓewa a cikinsu, direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mota suna zaman jiran abin da ba su san ranarsa ba. Aiki ya tsaya, wuni guda ba mai leƙowa. A cikin direbobin akwai wani dattijo, Malam Isufu, mutumin Tasawa, wanda kamyonsa, kamar yadda suke kiran babbar mota, ya maƙale daidai ƙofar shagona. Kafin ya kama tuƙi ya yi shekaru yana aikin injin feƙe ƙarfe a wani garaji. Ya mai da bencina wurin zamansa, yana dafa shayi muna hira. Wata rana don rage zaman banza ya ce in yanka masa dogon katako da zai kafa a goshin motarsa, a rubuta “Haƙuri maganin zaman duniya”. Na fara kawo dalilan raba shi uku, ya ce a'a, guda yake so, in ya lalace shi ya jawo.

Na ɗora katakon Katsina, wanda hannun mutum bai taɓa ba. Sale yana Maraɗi wata takwas ke nan. Na danna, na tsaya ina kallo. Ƙarshen rubutun da ke dama ya nutse da zurfi, farkonsa da ke hagu da ƙyar ake karantawa.

Malam Isufu ya ajiye kofinsa. Bai san labarin Sale ba, don haka ba abin da ya hana shi magana. Ya ce, “Malam, mi ka sa ƙarƙashin wanga katako?”

Na ce gwangwani ne, don ya yi daidai da filam.

“Daidai da wa?”

“Da ƙasa mana.”

“To ƙasa ce ke yankan, ko injin?”

Ya ce in cire aikin in kashe haƙorin. Ya yago takarda daga wani tsohon littafin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya shimfiɗa ta a kusurwar dama, ya sa na sauko da haƙorin a hankali har ya ɗan kama takardar, tana ja da ƙyar. Sannan ya ce in tura kan injin zuwa hagu ba tare da na ɗaga shi ba. Da ya isa can, ba takarda ba, kwalin ashana ya zura tsakanin haƙorin da shimfiɗar ya wuce salin-alin. Ya ɗauki filam ɗina ya ɗora a kan sandunan da kan injin ke gudu a kai. Ƙwayar ta gudu gefe. Daɓen shagonmu dama a karkace yake, ya gangara wajen kwata don ruwan damina, ni da Sale muka yi shi haka da hannunmu. Injin gaba ɗayansa ya bi daɓen ya karkata, kuma da na bar shi haka da ba abin da zai faru, don shimfiɗa da sanduna sun karkata tare. Ni ne na zo da gwangwanina na ɗaga shimfiɗar ita kaɗai, na daidaita ta da duniya na raba ta da injin.

Malam Isufu ya ce, “Shi inji bai san gabas ba bai san yamma ba. Ko a jikin bango ka rataye shi zai yi aiki, in dai shimfiɗar na bin tahiyar kansa. Cire gwangwanin, ka bar shi shi share abinsa.”

Na zauna a ƙasa, a cikin garin katako. Ya zaci ciwo ne ya kama ni, ya kawo ruwa.

Washegari na kira Ummi a waya na ce ta koya mini yadda ake sa injin ya share shimfiɗa. Ta ce, “Baba, yana nan cikin kwamfutar, tun ranar farko na ajiye maka.” Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, Allah ya yi mata albarka. Na zare gwangwanayen nan uku. Malam Isufu ya ba ni fensir ya ce in zazzane saman katakon mahaifinmu duka, ko'ina. Muka sa faffaɗan haƙori, injin ya fara kai da komo, layi bayan layi. Inda ke da tudu zanen fensir ya ɓace tun zagayen farko, inda ke da kwari ya rage. Ashe katakon kansa ma ya ɗan bankare da shekaru. Muka ƙara saukar da haƙorin kaurin takarda biyu, muka sake, sai a zagaye na uku fensir ya ɓace gaba ɗaya. Tabon gizagon mahaifinmu duk ya tafi, katako ya fito ja sabo. Abin da na hana Ummi ke nan, kuma ko awa biyu bai ɗauka ba. Muka gwada takarda a kusurwa huɗu, duk ja ɗaya take yi. Katakan Sale guda uku suna jingine bayan shago, na ɗauko su na juya bayansu na yanka Bisimilla a kan kowanne. Tun daga harafin farko har na ƙarshe zurfi ɗaya, duka ukun.

Yanzu ga wurin da ya fi yi mini nauyi. Za ku zaci washegari na nufi Maraɗi. Ban je ba. Na ce iyaka a rufe take. Alhali kullum mutane na ratsawa ta hanyar gona a ƙafa da babur, har tsofaffin mata masu kai daddawa. Na ce hanyar ba tsaro. Ga waya a aljihuna, muna ma gaisawa da shi ranar Salla, in tambayi iyali ya tambayi iyali, in ce a raina wannan ba maganar waya ba ce. Gaskiyar ita ce, in na faɗa wa Sale dole in faɗa wa Liman, in na faɗa wa Liman gari ya ji, kuma za a tambaya to me ya sa na ce na daɗe ina lura. Mahaifiyarku ta ga katakan nan uku da na kawo gida na ɓoye bayan ɗaki. Ta ce, “Malam, jiran me kake yi? Mutuwarka ko tasa?” Na ce ina jiran a buɗe hanya. Haka na yi ta jan ƙafa shekara guda da rabi.

Da aka buɗe, dalili ya ƙare mini. Na shiga mota na wuce shingenmu, na wuce na jandarmomin Nijar, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Matarsa ta ce yana kasuwa, rumfar wani mai wake. Na yi ta neman inda ake aikin katako a kusa, ban gani ba. Can na hango shi zaune a kan buhu, ya rame, gemu ya yi fari fat, yana tsaron kaya. Ya miƙe da sauri ya rusuna ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya ba ni buhun ya zauna a ƙasa. Na tambaye shi aiki. Ya ce ai tun zuwansa bai taɓa katako ba. Wani kafinta ya neme shi aiki, shi kuma ya ce wa mutumin ba zai cuce shi ba, hannunsa ya lalace. Kayan aikinsa ya sayar, ya kama lodin buhuna.

Na faɗa masa duka. Daɓe, gwangwani, takardar Malam Isufu, da rawar hannuna. Ban rage kome ba. Ina magana hawaye na zuba, mutane na wucewa suna kallon tsoho yana kuka a rumfar wake. Ya saurara har na gama, kansa a sunkuye.

Ya ce, “Duka ukun, Yaya?”

“Duka ukun. Ko kaurin gashi ba su kauce ba.”

Ya yi murmushi, irin wanda rabona da ganinsa tun muna samari. “Ashe daidai nake gani,” ya ce. Ya sake cewa, “Ashe daidai nake gani.”

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe duniya da lahira, tun ban rufe baki ba. Na ce to ya tashi mu koma gida, shago na jiransa, zan tsaya gaban masallaci ranar Juma'a in faɗa da bakina. Sai ya zaro hannunsa na dama daga cikin riga, wanda tun zuwana ban lura yana ɓoye shi ba. Yatsu uku sun ƙage, sun lanƙwashe ciki, ba sa miƙewa. Ƙofar wata babbar mota ce ta datse shi wurin lodi, da kakar da ta wuce. Bai faɗa mini a waya ba don kada hankalina ya tashi.

Ya ce, “Da bara ka zo, Yaya.”

Ba da fushi ya faɗa ba, wallahi, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na tsaya gaban masallaci na faɗa, kamar yadda na yi alkawari, wasu sun ji, wasu sun riga sun fita neman takalmansu. Shi ya sa na rubuta. In kun gama karantawa ku kai wa 'ya'yansa, su san ubansu bai taɓa ɓata katako ko ɗaya ba. Ku kuma faɗa musu, ranar da ƙofar nan ta datse masa hannu, ni na riga na san gaskiya da wata goma, ina zaune a Jibiya da waya a aljihuna.